Hoton Cikin Aljihun Kwat

Ga kacici-kacici, ku da kuka yi karatu mai zurfi. Wane ne mutumin da jama'a ɗari huɗu suka tsaya cikin sanyi suna yi masa kukan mutuwa, alhali yana zaune layi biyu da su, yana faɗa da mai ba shi miya wai ba ta ji gishiri ba? Kada ku yi gaggawa. Ga wasiƙu nan na zaro daga gwangwanin biskit, ku karanta tukuna. Ni ce Verna. Ɗayar kuma Rhona ce, jikar yayata marigayiya, mai tuƙa babbar mota a wani ramin haƙar zinariya can ƙuryar arewa, inda ƙaramin jirgi ke kai musu wasiƙa in ya ga dama.

*

Port Ansel, 4 ga Nuwamba, 1991

Rhona, ƙawata mai wuyar gani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin can bai cinye miki hanci ba, don shi kaɗai ne abin kirki da kika gada a wajenmu. Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu da ta ce ta yi ritaya. Jikokina sha ɗaya duk ƙalau, har cin abincinsu ya fi ƙarfina.

Baba Alban ɗinki yana nan a gidan tsofaffi, yana ci yana sha. Kan ne dai yake zuwa yana tafiya. Shekaranjiya ya kira ni da sunan kakarki. Na ce masa, "Kai tsoho, matarka ita ce mummunar, ni ce kyakkyawar." Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, wannan dai ban manta ba." Kin ga da sauransa.

Yanzu ga labarin garinmu. Ranar Talata da safe aka tsinci wani dattijo a kan bencin tashar bas, ya cika. Ba ɗan gari ba ne. Ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san sunansa. Allah ya ji ƙansa, ni ma abin ya taɓa ni. Amma Rhona, ki zo ki ga Port Ansel ta haukace. Benci ya ɓace a cikin furanni. Har da 'yan tsana aka jera, wa dattijo mai furfura! Gertie MacPhail, wadda kika san ba a yin taro a garin nan ba ita a gaba ba, ta kafa kwamiti, za a yi tsayuwar kyandir ranar Asabar mai zuwa. Ta yi mini waya sau tara. Ta ce, "Verna, ke za ki yi mana kek ɗin kifi ɗari biyu." Na ce, "Mamacin ne zai ci?" Ta ce ba ni da zuciya. Na zare wayar daga bango.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, a ranar na je wajen Alban, na buɗe littafin da baƙi ke sa hannu a bakin ƙofa. Tun daga Ista har yau suna ɗaya ne a shafinsa, nawa. Mutumin da ya gyara injin jirgin ruwan kowane gida a garin nan. Gertie ɗin ma shi ya tsamo mijinta daga ruwa, da bai yi ba da yanzu ta huta.

Ke ma ban ƙyale ki ba. Shekara huɗu kenan. Ki zo Kirsimeti. Likita ya ce kan ba ya komawa baya, gaba yake yi, kuma ban san ko bazara za ta same shi yana gane fuskar kowa ba. Mutumin nan shi ya raine ki tun kina cikin zanen goyo.

Kakarki kyakkyawar,
Verna

*

Sansanin ma'adinai, 10 ga Nuwamba

Kaka Verna,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina lafiya, hancin ma yana nan. Ki daina hawa kujera kina goge taga, shi ne maganin gwiwar.

Kirsimeti ba zai yiwu ba. Direbobi biyu sun tafi, aiki ya dawo kaina.

To, tunda ke ce, bari in faɗi gaskiya. Zuwan da na yi na ƙarshe, kwana biyu na yi a motar haya da bas, na shiga ɗakinsa da kyauta a hannu, ya ɗago ya ce mini, "Malama, kin zo canja zanen gado ne?" Na fita na zauna a bayi na yi kuka har mai shara ta ƙwanƙwasa. Ba zan iya sake wannan ba, Kaka. Wanda ya raine ni ya riga ya tafi, wanda ke ɗakin nan bai san ni ba. Zuwana ba zai ƙara masa komai ba.

Ki yi wa Gertie kek ɗinta ki huta. Mutane suna so su yi kuka ne kawai, ki bar su.

Taki,
Rhona

*

Port Ansel, 11 ga Nuwamba

Rhona,

Gaisuwa a taƙaice yau, lafiya lau, gwiwa tana nan da halinta, Alban ƙalau. Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na yi kek ɗin. Ɗari da tamanin, sauran ashirin jikoki sun yi musu addu'a a kicin. Ranar Asabar da la'asar sakaliya muka taru a tasha. Ban taɓa ganin jama'a haka a garin nan ba, ko ranar da aka rufe masana'antar kifi. Kowa da kyandir a cikin kofin takarda, iska tana kashewa ana sake kunnawa. 'Yan makaranta suka yi waƙa. Gertie ta sa baƙar hula mai raga, ta hau akwati ta ce, "Ba mu san sunansa ba, amma yau ɗanmu ne." Mata suka fashe da kuka. Har da masu ɗaukar hoton jarida daga birni.

Sai aka yaye ƙyallen da aka rufe wani babban allo da shi. Ashe 'yan sanda sun sami wani tsohon hoto a aljihun kwat ɗin mamacin, suka ce ai shi ne lokacin yana da sauran ƙarfi. Kwamiti ya karɓa, aka kai birni aka faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa.

Na sa tabarau. Na cire, na goge, na mayar.

Rhona, Alban ne.

Alban ne da baƙin gemunsa na da, wanda ya aske shekara ashirin da biyar da suka wuce, da hular saƙar da yayata ta yi masa mai gefe ɗaya ya fi tsawo. Ni na ɗauki hoton nan da hannuna a bakin gada. Nan take na gane yadda aka yi. Lokacin da aka kai shi gidan tsofaffi, ni na kwashe kayansa na kai ɗakin sadaka na coci, ban laluba aljihu ba. Bawan Allahn nan ya shigo gari yana rawar ɗari, aka ba shi kwat ɗin, ya mutu a cikinsa. Shi ke nan.

Na kutsa gaba na ja hannun Gertie, na ce, "Ke, wannan Alban ne." Ta ce, "Shhh, Verna, ana addu'a." Na ce, "Alban Gillis, mai gyaran inji, yana can layin coci da ransa!" Ta ce, "Dukanmu muna ganin namu a fuskarsa, 'yar'uwa." Wallahi haka ta ce. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta tsayawa. Na toshe baki da gyale, kafaɗuna suna rawa, hawaye na zuba. Wata baƙuwa ta rungume ni tana bubbuga bayana tana cewa, "Yi kukanki, uwa, yi kukanki." Mai hoto ya ɗauke mu.

Ki duba fa. Mutum ɗari huɗu, rabinsu sun sha shayi a kicin ɗinsa, ba wanda ya gane shi. Wani ma a bayana yana cewa, "Daga gani ba mutumin yankin nan ba ne."

Daga nan na wuce wajensa da ragowar kek. Na tarar yana rigima da yarinyar da ke ba su abinci, wai miya ba gishiri. Na ce, "Tsoho, yau gari ya yi maka kuka." Ya ce, "Sun kawo gishiri?"

Yau da safe na je ofishin 'yan sanda na warware musu. Sajan ya dafe kai. Gertie kuwa ta biyo ni har gida tana roƙo wai a bar maganar a tsakaninmu, kada garin ya zama abin dariya, kuma allon ya riga ya shiga jarida. Na ce ai dariyar na riga na fara.

Sai na ji daga gare ki.
Verna

*

Sansanin ma'adinai, 19 ga Nuwamba

Kaka Verna,

Ba ni da gaisuwa yau.

Kwana takwas jirgi bai sauka ba saboda dusar ƙanƙara. Jiya na kaya ya samu ya sauka, babu buhun wasiƙu, sai gwangwanaye da kayan gyara. Wani bakanike ya buɗe kwali, ƙarfen ciki an naɗe shi da jaridar birni. Yana warwarewa na ga fuskar Baba. Fuskar Baba, Kaka, da kyandirori a ƙasa, an rubuta wai dattijon da ba a san ko wane ne ba, ya mutu shi kaɗai a bencin tasha. A gefe kuma ga ki nan a jikin wata mata kina kuka.

Ban gane komai ba. Kin rubuto mini cewa baƙo ne. Kin ce Baba yana ci yana sha. Ko fita ya yi daga gidan ba wanda ya lura, ya je tasha? Wa yake jira a tashar bas, Kaka? Ni yake jira? Kin ɓoye mini ne don kada in ji, ko lokacin da kika rubuta ba ki sani ba? Ta yaya mutum zai shekara tamanin a gari ya mutu a ce ba a san shi ba?

Na roƙi mai kula da rediyon kamfani ya aika saƙo ofishinsu na birni, su neme ki. Wayarki ba ta shiga, sai da suka bi ta coci. Tambaya ɗaya na yi, Baba ya rasu ne? Yau amsa ta dawo, kalma biyu: "Taho gida."

To na ji. Jirgin fasinja sai Juma'a. Wannan takardar zan ba matuƙin jirgin kaya, za ta riga ni isa. Na ce miki ba zan iya sake ganinsa bai gane ni ba. Yanzu da zan same shi ya kira ni mai canja zanen gado sau ɗari, da na amsa.

Kada ku binne shi sai na zo.

Rhona

*

Port Ansel, 24 ga Nuwamba
(A ba Rhona Gillis hannu da hannu da zarar ta sauko daga bas, kafin ta juya ta ga allo.)

Rhona,

Baba Alban yana da rai. Sake karantawa. Yana da rai, yau da safe ya cinye ƙwai biyu ya ce na uku aka sace masa. Wanda ya mutu baƙo ne, kwat ɗin Alban ne a jikinsa, hoton kuma a aljihun kwat ɗin yake. Na rubuta miki duka tun ranar sha ɗaya ga wata, wasiƙar tana can a wani buhu tana jiran jirgi.

Yanzu ki zauna a bencin, ture furannin, ki zage ni. Na ba ki minti biyar.

Kin gama? To ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Fada, limamin cocinmu, ya aiko a kira ni ofishin coci, ga wani mutum a waya daga birni yana cewa, "Uwargida, jikarki tana tambaya ko kakanta ya rasu, me za mu ce mata?" Bakina ya buɗe zan ce a'a. Sai wasiƙarki ta faɗo mini a rai, wadda kika ce zuwanki ba zai ƙara masa komai ba. Na san in na ce yana lafiya, za ki share hawaye ki koma kan motarki, sai kuma wata shekara huɗu. Na ce, "Ku ce mata ta taho gida." Mutumin ya ce, "Shi ke nan?" Na ce, "Kuɗin waya nake tausaya muku." Fada yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Verna, wannan ba ƙarya ba ce, amma ki zo ikirarin zunubi ranar Asabar."

Da wasiƙarki ta ƙarshe ta iso na karanta wurin da kika ce ko ke yake jira a tasha, ban iya cin abinci ba ranar. Na san na azabtar da ke kwana biyar. Ban ce na yi daidai ba. Na dai gaji ne, ƙawata. Na gaji da garin da sai mutum ya mutu ake saya masa fure, na ga ke ma kin fara zama 'yar garin.

Ga abin da nake so ki sani kafin ki taka layin coci. Jarida ta buga gyara a shafi na tara, ƙasan tallan taya, ba wanda ya gani. Gertie ta ƙi sauke allon. Sai ranar Alhamis na ari keken guragu, na naɗe Alban da bargo biyu, na turo shi har tasha da rana tsaka, lokacin da mutane suka fi yawa. Na ajiye shi a gaban hoton na ce da ƙarfi, "Jama'a, ga mamacinku ya zo godiya." Wata mata ta saki tukunyar fure. Mijin Gertie ya cire hula ya mayar ya sake cirewa. Ita kuwa ta shige bayan rumfar tikiti ba ta fito ba.

Alban bai kula kowa ba. Ya ɗaga kai yana kallon allon. Na ce, "Tsoho, ka san wannan?" Ya ce, "A'a. Amma gemun nan yana son almakashi." Aka yi dariya. Sai ya miƙa yatsa ƙasan hoton, wajen da hannun mutumin ya lanƙwasa aka datse. Ya ce, "Ina yarinyar?"

Na ce, "Wace yarinya?"

Ya ce, "Yana riƙe da yarinya. Mai jan takalmin roba. Wa ya cire ta? Ina aka kai Rhona?"

Kin gane? A ainihin hoton kina hannunsa, shekararki biyu. Kwamiti ne suka yanke ki don fuskarsa ta cika allo. Ni da na ɗauki hoton ma na manta. Shi da bai gane kansa ba, bai manta ba. Ya tayar da hankali sai da na rantse masa kina hanya. Don haka kin ga ni ma ba ki da damar mayar da ni maƙaryaciya.

Ban yi miki alkawarin zai gane ki ba. Mace mai shekara talatin da biyu ba ta yi kama da mai jan takalmi ba. Na karɓo ainihin hoton daga wajen sajan, yana cikin ambulan ɗin nan. Ki shiga da shi a hannu.

Akwai miya a kan murhu in kin yarda ki ci abincina. In ba ki yarda ba, Gertie tana da ɗakin baƙi, Allah ya ba ki haƙuri.

Verna

*

Sansanin ma'adinai, 9 ga Disamba

Kaka Verna,

Na iso lafiya. Ya gwiwa? Na ga kujerar nan a gindin taga, kada ki ce mini ba hawa kike yi ba.

Kwana goma na yi a gidanki ban yi miki maganar kirki ba, kuma ki sani da gangan ne. Ban yafe miki ba tukuna. Wataƙila sai Ista. Kin san abin da na yi a cikin bas na kwana biyu? Ina tsara abin da zan faɗa a bakin kabari.

Amma kin tambaye ni sau uku me ya faru a ɗakin na ƙi faɗa miki, to ga shi. Rana ta farko ya ce in rufe taga. Ta biyu ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai miya. Na ce e, na kawo gishiri a aljihu, muka shirya. Ta uku na ba shi hoton. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan Rhona ce, ba ta yarda a cire mata takalman nan ko a gado." Na ce, "Baba, ni ce." Ya dube ni ya ce, "Ke? Kin yi girma da yawa." Ban sani ba ko ya yarda. Ya dai riƙe hannuna har ya yi barci, washegari kuma na koma mai miya. Zan iya da hakan. Ban san zan iya ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jana'izar baƙon. Na ɗauka zan ga mutum ɗari huɗun nan. Mu shida ne: ke, ni, Fada, mai haƙa kabari, Baba a kekensa, sai Gertie da ta zo a makare ba hula, ta tsaya nesa. Kin lura ita kaɗai ta yi kuka na gaske? Ki rage mata. Kuma na ga sunanta sau biyu a littafin baƙin Baba kafin in taho, duk da ya ce mata mijinta har yanzu bai iya iyo ba.

Na yi magana da shugabanmu. Zan riƙa zuwa duk bayan wata biyu. Ki mayar da wayarki jikin bango.

Taki, duk da haka,
Rhona

*

Ista ta zo ta wuce, ta yafe mini rabi. Baƙon yana maƙabartar coci a cikin kwat ɗin da aka ba shi, har yau ba mu san sunansa ba. Ni nake share kabarin, Gertie tana kawo fure, muna faɗa a kan launi.

Amsar kacici-kacicin kuwa, Alban Gillis ne, mai gyaran injin jirgin ruwa, ɗaki na bakwai a gidan tsofaffi na layin coci. Ana ganinsa kullum daga ƙarfe biyu zuwa biyar, kuma a taho da gishiri.